Injin Wanki Lamba Biyu

Ni ne Sixten Brorsson, direban bas a garin Avesta, kuma shekara talatin ke nan ina gurnani a ƙungiyar kiɗan ƙarfen mutuwa da muka raɗa wa suna Ruɓaɓɓen Akwati. A irin kiɗanmu jita kuka take yi kamar zarton inji, ganga tana zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, sai mawaƙi ya buɗe maƙogwaro ya fitar da sautin da zai sa kare ya shige ƙarƙashin gado. Wannan na ƙarshen shi ne aikina, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa daga nan har bakin teku babu mai maƙogwaro irin nawa. Faifai huɗu muka yi. Matata Gunnel ta ce duk ta saurare su, ko da yake uku suna nan cikin ledarsu ba a ɓare ba.

Mu uku ne a ƙungiyar: ni, da Ragnvald mai jita, wanda yake koyar da aikin katako a makaranta, da Hilding mai ganga. Ƙarshen bazarar bara Hilding ya kira mu gidansa, ya zuba mana gahawa, ya ce likita ya hana shi ganga saboda kafaɗa, kuma shi yanzu noman tumatir ya sa a gaba.

Ragnvald ya ce, "To, shi ke nan, mun tashi."

Na ce, "Kai ne ka tashi. Mai ganga mene ne? Mutum ne mai dukan fata da sanda. Ku ba ni wata uku, zan yi faifan da ba a taɓa jin irinsa a ƙasar nan ba, kuma babu hannun ɗan Adam a gangarsa."

Hilding ya ce, "Da me za ka yi?"

Ban sani ba a lokacin, don haka na ce masa sirri ne.

Bayan kwana uku Gunnel ta aike ni wanki. Benenmu gida goma sha takwas ne, injin wanki biyu a ɗakin ƙasa. Kowane gida yana maƙala lambarsa a allo, a kan ranar da yake so, awa uku nasa ne. Idan mai lokaci ya wuce rabin awa bai zo ba, wani na iya shiga. A benenmu kana iya shekara ba ka gaisa da maƙwabcinka ba, babu mai cewa ka yi laifi, amma ka taɓa masa lokacin wanki ka gani.

Ranar nan bisa kuskure na cusa takalmin aikina cikin kaya. Da inji lamba biyu, tsohon, ya shiga juyin matse ruwa, sai na ji wani irin duka da ya sa na ajiye kwando na zauna a ƙasa. Sauri ne wanda ƙafar Hilding ba ta taɓa kaiwa ba ko yana saurayi, ga kuma wani ɗingishi da yake yi duk bayan bugu bakwai. Na haura bene a guje na ce wa Gunnel na samu mai ganga, kuma sunan faifan Wankan Gawa.

Ta ce, "Ina kayan?"

"Kin ji abin da na ce kuwa? Tarihi za a kafa a ƙarƙashin ƙafarki."

"Na ji, tsohona. Je ka kwaso tarihin ka shanya kafin ya yi wari."

Ragnvald ya zo ya saurara, ya sosa gemu, ya ce akwai wani abu a ciki. Muka kawo makirufo da na'urar ɗauka. Takalmi ɗaya yana ba da bugu mai nauyi. Takalmi biyu da cokula shida suna ba da abin da na kira guguwar kabari. Sarƙar keke kuwa, da na saka ta, sai da na ji hawaye a idona.

Matsalar ita ce awa uku a mako ba sa isar mai kafa tarihi. Sai na hau kujera na tura agogon bangon ɗakin wanki gaba da minti ashirin. Maƙwabci ya makara da minti goma, ya sauko da kwandonsa, sai ya tarar da ni na riga na cika inji, in nuna masa agogo da yatsa ba tare da na ce komai ba. Ya dubi na hannunsa, ya dubi na bango, ya ba ni haƙuri ya koma. A mako biyu na ci lokacin gida bakwai.

Daga nan takardu suka fara bayyana a ƙofa, babu mai sa hannu, kamar yadda aka saba. Ta farko ta ce, "Ga wanda yake wanke cokula a injin tufafi: akwai famfo a kicin ɗinka." Ta biyu ta ce, "Mai saka sarƙa a lamba biyu, mun san ka. Muna jin ka ma." Ta uku da na'ura aka buga ta, ta ce, "Akwai mutanen da ya kamata a shekara hamsin da biyu su gane cewa ba za su yi suna ba. A riƙa share rariyar injin busarwa."

Na karanta wannan ta ukun sau huɗu. Ta yi mini zafi, amma ni mai fasaha ne, na gane kaifi idan na gan shi. Shekara talatin ina rubuta waƙa a kan tsutsa da kabari, ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan mugunta ba. Na kwashe takardun duka na ce wa Ragnvald an gama mana rubuta baitoci.

Ya ce, "In suka ji fa?"

Na yi dariya. "Su ji me? Uwar da ta haife ni ba ta taɓa tsintar kalma ɗaya a gurnanina ba. Shi ya sa nake Sixten."

Ana cikin haka Valter, shugaban ƙungiyar mazauna benen, tsohon likitan haƙori, ya tare ni a matakala riƙe da farar riga. Jikinta duk zanen tsatsa ne, zobe-zobe, sak sarƙar keke.

Ya ce, "Sixten, shida ne haka. Da su nake zuwa rera waƙa ranar Lahadi."

Na karɓa na ɗaga ta wajen haske. "Valter, akwai masu neman irin wannan zanen ido rufe."

Ya ce, "Gaskiya ban ji daɗi sosai ba."

Waɗanda suka leƙo daga ƙofofinsu suka koma ciki da sauri. Tun da aka gina benen ba a taɓa jin Valter ya yi zafi haka ba.

Saura waƙa ɗaya, ta rufewa, kuma ina son ta zama kamar tashin duniya. Na samo bulo, na naɗe shi da tawul ɗin Gunnel, na haɗa da sarƙa da takalma biyu. Da na gaya wa Ragnvald sai ya tuna yana da aiki a gidan surukarsa. Na sauka ni kaɗai ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, na bar wayata a sama don kada ta yi ƙara ta ɓata mini ɗauka.

Da farko lamba biyu ya yi ta nishi. Da ya shiga matsa sai ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Sai ya fara tafiya. Mai hankali zai zare wayar wutar injin daga bango. Ni kuwa na ɗauki makirufo na bi shi a tsugune, ina gurnani. Ya tsinke bututun ruwa, ya ture kwandon shara, ya ratsa ɗakin gaba ɗaya, ya je ya jingina da ƙofa. Nan wayarsa ta fizge, ya yi shiru.

Ƙofar ciki take buɗowa. Injin kuwa irin na dā ne, mutum huɗu suka shigo da shi. Na tura, na ja, na sa kafaɗa, na sa baya, bai ko motsa ba. Ruwa ya kai mini idon sawu kafin na gano inda ake rufe shi. Sai na koma ihu. Na yi da muryar waƙa don ta fi kai nisa, na yi ta yi har maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Ina jin takun mutane a matakala suna wucewa abinsu.

Da ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa. Majvor ce ta hawa na uku, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda ta yi shekara arba'in tana kaɗa ogan, babban kayan kiɗan nan mai maɓallai, a coci.

Ta ce, "Lokacina ne."

"Majvor, ni ne, Sixten. Inji ya tare ƙofa, na kasa fita."

"Ashe kana iya magana da muryar mutane."

"Tun ƙarfe sha ɗaya nake neman taimako."

"Na ji ai. Na ɗauka sabuwar waƙa ce. Har na ce a raina yau ka ɗan gyara." Sannan ta ce, "Agogon ciki ƙarfe nawa ya ce?"

Na dubi bango. Na ce ban sa tabarau ba.

"Kai ba ka sa tabarau, Sixten. Ɗaya da minti ashirin da uku ya ce, ko?"

Ta ce za ta kira mai gyara, amma Asabar ce, sai ya gama cin abinci da iyalinsa. Sannan na ga takarda tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta hau ruwa ta taho wajena. Ta rubuta cewa tana bina awa uku.

Ɗakin yana da wata 'yar taga can sama, daidai da ƙasar tsakar gida. Na auna ta da ido na ga ta yi mini, don a raina har yanzu jikina na ɗan shekara ashirin da biyar ne. Na hau injin busarwa, na zura kai, na zura hannuwa, ƙirji ya wuce. Tumbi ya ce nan ya tsaya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Na ɗaga ido sai na ga ƙafafu. Ashe ranar share tsakar gida ce, mazauna benen duk sun fito da manjagara suna tara busasshen ganye, ni kuma na ɓullo a tsakiyar tsibin ganyen Valter. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Suka tsaya suna kallona cikin ladabi.

Valter ya ce, "Sannu, Sixten. Sunanka yana cikin masu shara yau, ban ɗauka ta nan za ka zo ba."

Gunnel ta dawo daga kanti riƙe da jaka biyu. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Ina tawul ɗina mai ruwan ɗorawa?"

"Gunnel, numfashina yana ɗaukewa."

"Mai numfashin da ya ishe shi ihun awa biyu? Riƙe mini wannan." Ta ɗora mini jakar dankali a hannu, ta buɗe ɗayar, ta ciro sabulun wanke-wanke ta tsiyaye shi kaf a ƙuguna. Maza uku suka kama hannuwana, Valter yana ƙirga musu. A ja na uku na fito kamar kifi, wandona ya zauna a ciki.

Aka sa taro ranar Lahadi ta gaba da ƙarfe uku, a ɗakin taron bene. A takardar gayyata abu na bakwai kalma ɗaya ce: Sixten. Gunnel ta gaya mini cewa wasu suna maganar a karɓe mini mabuɗin ɗakin wanki, wasu kuma suna tambayar ko doka ta ba da dama a nemi mu tashi. Ta ce shekara ashirin da shida tana gidan nan, idan aka kore mu ita wajen yayarta za ta, ni kuma in nemi ɗaki kusa da Hilding da tumatirinsa.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Mutanen nan ƙara kawai suke ji ta bango. Ranar da suka ji faifan da kunnensu, su da kansu za su roƙe ni in sa musu hannu.

Ranar taro na sa baƙar rigata mai hoton ƙoƙon kai, na sa Ragnvald ya ɗauko lasifika. Aka sha gahawa, aka ci burodin kirfa, aka gama maganar wurin ajiye keke da ta kwararon ruwa. Da aka zo abu na bakwai na miƙe tun ba a kira ni ba. Na ce musu kowane zamani da mutumin da ba a fahimta ba. Na ce jikokinsu za su riƙa nuna wa baƙi wannan ɗakin wanki. Na ce abin da za su ji ya wuce kiɗa, ya wuce harshe, ba za su gane kalma ko ɗaya ba, kada su damu, da hanji ake sauraronsa.

Ragnvald ya kunna.

Waƙar farko ba ta yi rabin minti ba wata mata daga hawa na biyu ta ajiye kofinta. Ta ce, "Akwai famfo a kicin ɗinka. Wannan ai takardata ce."

Wani ya ce, "Ashe ke ce." Aka fara juyowa ana kallon juna. Da waƙa ta biyu ta shigo, wani dattijo mai kiwon kifi a kwalba, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya yi ja har kunne ya sunkuyar da kai.

Na ce wa Ragnvald a hankali, "Yaya aka yi suke ganewa?"

Ya ce, "Kullum ana ganewa, Sixten. Kawai dai ba a taɓa samun wanda ya saurara ba."

Waƙa ta uku ta zo. Muryata ta cika ɗakin tana sanar da jama'a cewa akwai mutanen da ya kamata a shekara hamsin da biyu su gane ba za su yi suna ba. Kowa ya shiga neman mai ita da ido. Babu wanda ya sunkuya. Sai na ga Gunnel a gefena tana bin kalmomin da leɓe, tana gaba da ni da rabin baiti.

Na ce, "Ke?"

Ta ce, "Sau nawa na gaya maka a kicin? Na ga sai an liƙa a ƙofa kake karantawa."

Aka saurari faifan har ƙarshe, minti talatin da takwas, don Valter ya ce tun da an fara abu na bakwai dole a gama shi. Da ya ƙare sai Majvor ta ɗaga hannu. Ashe tun farko rubutu take yi da fensir a bayan takardar taro.

Ta ce, "An ce mu yi hukunci a kan kiɗa, to ga nawa. Waƙa ta ɗaya da ta biyu hayaniya ce, a zubar. Ta uku kuwa kiɗa ce ta gaske. Injin yana tafiya a bugu bakwai, bai kuskure ko sau ɗaya ba, na yi shekara arba'in ina neman mai ganga irinsa. Kai mai jita, a tsakiya ka sauko da rabin murya ka bar injin shi kaɗai, sannan ka dawo ta ƙasa. Wa ya koya maka?"

Ragnvald ya ce babu kowa. Har wuyansa ya yi ja don daɗi.

"Ka iya. Ta ƙarshen ma, inda injin yake tafiya, akwai tsoro na gaske a ciki, na ji shi a ƙirjina."

Na gyara tsayuwa na ce, "To ga shi nan. Muryar fa?"

Ta juya takardarta. "Ka makara shiga sau goma sha tara. Inji yana bakwai, kai kana huɗu, kamar mai bin bas a guje bayan ta tashi. Ga ka direba kuma. Sautin ba laifi, akwai ƙarfi, irin na bututun da ya toshe. Da za a cire shi, da an ji abin da ke ƙarƙashi."

Na ce ba a raba rai da jiki. Na ce faifan nan ba tare da ni ba wanki ne kawai. Na juya wajen Ragnvald don ya mara mini baya, sai na ga yana lalube a aljihu.

Ya ce, "Akwai wanda na haɗa ba murya. Don gwaji ne kawai."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

Aka sa shi. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da rigata mai ƙoƙon kai ina kallon maƙwabtana. Matar hawa na biyu ta lumshe ido. Dattijon kifi yana kaɗa kai. Valter, mai riga shida masu tsatsa, ƙafarsa tana bugun ƙasa a ƙarƙashin tebur, kuma daidai take bugawa, bakwai-bakwai.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ba a kore mu ba. An karɓe mini mabuɗi na shekara guda, hannu goma sha takwas suka tashi, na Gunnel ya riga na kowa. Aka kuma yanke cewa ni zan riƙa goge wa Valter riguna har Kirsimeti. Injin lamba biyu mai gyara ya ce ba zai ƙara wankin kirki ba, za a fitar da shi. Majvor ta ce a kai mata ɗakin ajiyarta.

Faifan ya fito da sanyin hunturu, waƙa biyar, babu muryata, Majvor ta ƙara ogan a uku. Aka gayyaci Majvor da Ragnvald da injin wasa a zauren gari wata Asabar da yamma, mutum ya fi ɗari biyu, rabi masu baƙar riga da dogon gashi, rabi tsofaffin 'yan cocin Majvor. Sun zo da ni, don babu wanda ya san adadin cokula da irin takalmin da kowace waƙa take so sai ni. Na fito na durƙusa gaban injin, na zuba kaya, na rufe murfi. Majvor ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yanzu, Sixten." Na danna.

Ranar Litinin jaridar gari ta ba su rabin shafi. Mai rubutun ya ce bai ji faifai mai ƙarfin hali irin wannan ba a shekara goma. A ƙarƙashin hoton aka rubuta sunan Majvor, da na Ragnvald, da na injin. Ni an yanke ni daga kafaɗa, amma hannuna na dama ya fito tsaf a kan maɓalli, har ana ganin zobena. Na yanke hoton na sa a gilashi na rataye a bas, saitin inda fasinja ke shigowa. Duk wanda ya tsaya kallo nakan ɗora hannun a kan sitiyari yadda zai gani da kyau, in jira ya haɗa da kansa.